Me ya sa manoman Bordo ke tumɓuke gonakin inabinsu?

A yankin Bordo, kudu maso yammacin Faransa, manoma na tumɓuke itatuwan inabin da suka gada kaka da kakanni, kuma hukuma ce ke biyan su don su yi hakan. Shirin da aka ɗauka a 2023 ya tanadi share kimanin hekta 9,500, a kan Yuro 6,000 kowace hekta, wato kusan miliyan 4 na Sefa. Dalili shi ne giyar inabi ta yi yawa, masu saye sun ragu.

Matsalar ta faro daga cikin gida. A shekarun 1960, idan aka raba giyar da ake sha a Faransa bisa yawan jama'a, kowane mutum kan tashi da fiye da lita 100 a shekara. Yau abin bai kai rabin haka ba. Matasa sun juya wa jar giya baya, alhali ita ce Bordo ta fi yi. Hukumar inabi ta duniya, OIV, ta ce abin da aka sha a duniya a 2024 shi ne mafi ƙanƙanta tun 1961.

Shekaru da dama, kasuwar ƙasar Sin ce ta rufa wa manoman asiri, har ta zama babbar mai sayen giyar Bordo a waje. Amma yaƙi da cin hanci da shugaba Xi Jinping ya ƙaddamar ya rage kyaututtuka da liyafar manyan ma'aikata, sannan annobar Korona da tafiyar hawainiyar tattalin arziki suka ƙara dagula ciniki.

Ostareliya ma ta ɗanɗana kuɗarta. A ƙarshen 2020 Sin ta ɗora wa giyarta harajin da ya kai sama da kashi 200 cikin 100. An janye shi a watan Maris na 2024, bayan rumbuna sun cika maƙil.

Inabi ba kamar gero ba ne da za a canza shuka damina mai zuwa. Itacen kan yi shekara uku kafin ya soma ba da amfani, kuma ya ci gaba da haihuwa shekaru da yawa ko da babu mai saye. Shi ya sa a 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200, kimanin miliyar 131 na Sefa, don a tace rarar giyar ta koma sinadarin turare da na tsabtace hannu.

Manyan gidaje masu suna har yanzu na sayar da kwalbarsu da tsada. Ƙananan manoma ne ke cikin bashi, wasu na sayar da giyarsu ƙasa da abin da suka kashe wajen noma ta.