Me ke mayar da mace gidan yari bayan an sallame ta?

Ranar da aka buɗe wa mace ƙofar gidan yari, tana ganin wahala ta ƙare. Alƙaluma kuwa sun nuna cewa da yawansu suna komawa. A Amurka, hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'a ta bi sawun fursunonin da aka saki a jihohi 30 a shekarar 2005, ta gano cewa cikin shekara 5 an sake kama kashi 68 cikin 100 na matan. Na maza ya fi haka, wajen kashi 78. A Ingila kuma, gwamnati da kanta ta faɗa a 2018 cewa cikin matan da suka yi zaman da bai kai shekara guda ba, kusan 7 cikin 10 sun sake aikata laifi kafin shekara ta zagayo.

To, me ke sa wata ta koma, wata ta tsira? Akwai abubuwan da maza da mata suka yi tarayya a kai. Wadda ta fara shiga hannun hukuma tun tana ƙarama, ko aka sha kama ta, ta fi kusa da komawa, haka ma mai ƙarancin shekaru idan aka kwatanta da dattijuwa. Sai abokan hulɗa, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masana a Kanada sun daɗe da tabbatar da waɗannan abubuwa.

Shaye-shaye ne ya fi fitowa fili. Binciken da ya kwatanta jinsin biyu ya nuna cewa miyagun ƙwayoyi sun fi jan mata zuwa sabon laifi fiye da yadda suke jan maza. Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar ganewa: jiki ya saba, babu kuɗi, sai ta ɗauki kaya a kanti ta sayar. Shi ya sa satar kanti take kan gaba cikin laifuffukan da ke kai mata kurkuku a Ingila. Shaye-shayen ma yakan zo da tarihi. Farfesa Patricia Van Voorhis da abokan aikinta a Jami'ar Cincinnati sun lura cewa ma'aunin da hukumomi ke amfani da shi wajen hasashen wanda zai koma, da maza aka gina shi. Da suka tsara na mata, sai wasu abubuwa suka bayyana: duka ko fyaɗe da aka yi mata tun tana yarinya ko a gidan aure, ciwon damuwa da firgici, zama da namijin da ke juya ta, da nauyin renon 'ya'ya ba mataimaki.

Batun namijin nan yana da muhimmanci. An saba ganin cewa aure yana natsar da namijin da ya taɓa laifi. Ga mace abin bai cika tafiya haka ba, domin sau da yawa mijin ko saurayin ne ya koya mata shan ƙwaya, ko ya ba ta ajiyar kayan da aka kama ta da su. Idan ta fito ba ta da inda za ta nufa sai ɗakinsa, an koma gidan jiya.

Wannan ya kawo mu ga matsuguni, wanda a ganina shi ne ginshiƙi. A 2016 masu duba gidajen yari na Ingila sun ruwaito cewa a gidan yarin mata na Bronzefield an sallami wasu mata da tanti ko jakar kwana, saboda ba su da wurin zuwa. Kuɗin sallama da ake ba fursuna a ƙasar a lokacin fam 46 ne, bai motsa ba tun tsakiyar shekarun 1990 sai a 2021. Ku ƙaddara an saki mace ranar Juma'a da rana: dole ta je wurin jami'in da ke sa mata ido, ta nemi ɗaki, ta karɓi magani, alhali ofisoshi sun kusa tashi sai Litinin. Sai a 2023 aka yi dokar da ta ba da damar sakin irin waɗannan fursunoni kwana ɗaya ko biyu kafin Juma'a.

Wani abin takaici shi ne, ɗaurin wata biyu ko uku ya isa ya raba mace da ɗakin hayarta, da aikinta, da 'ya'yanta, amma bai isa a yi mata maganin shaye-shaye ko a koya mata sana'a ba. Abin da Baroness Corston ta nuna ke nan a rahotonta na 2007, wanda aka sa ta rubuta bayan mutuwar mata 6 a gidan yarin Styal. Ta ce a bar kurkuku ga masu manyan laifuffuka, sauran a kula da su a cibiyoyin mata cikin gari. Ƙa'idojin Bangkok guda 70 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 su ma sun buƙaci alƙalai su duba nauyin 'ya'ya kafin su ɗaure uwa.

'Ya'ya kuwa suna iya jan abin ta kowane ɓangare. Begen sake haɗuwa da su yana sa mace ta daure. Rasa su baki ɗaya yakan sa ta ce me ya rage. Ziyarar dangi ma tana da tasiri: fursunonin da 'yan uwa ke leƙawa ba su cika komawa kamar waɗanda aka yasar ba.

A Najeriya mata ba su wuce kusan kashi 2 cikin 100 na mazauna gidajen yari ba, kuma dokar 2019 da ta mayar da sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Amma doka ba za ta hana miji ya aika da takardar saki ba, ba kuma za ta hana maƙwabta su daina sayen abincin wadda ta taɓa zaman kaso ba. Idan kuna da 'yar uwa a ciki, ku ziyarce ta tun yanzu, ku kuma tanadar mata ɗaki da ɗan jari kafin ranar fitarta.