Abin da Ya Sa Falasɗinawa Suka Karrama Mandela

A watan Afrilu na shekarar 2016 hukumar birnin Ramallah, a Gaɓar Yamma ta Kogin Jodan, ta raɗa wa wani dandali sunan Nelson Mandela, aka kuma kafa mutum-mutuminsa mai tsawon mita 6, wanda birnin Johannesburg ya aiko kyauta. Al'amarin ya cancanci mai hankali ya yi tadabburi a kansa, domin wanda aka girmama ɗin ba Balarabe ba ne, ba kuma Musulmi ba.

Sababin wannan ƙauna yana ga ƙasar noma, kuma manomin Kebbe, wanda ya san darajar gonar gado fiye da yadda littafi zai sanar da shi, ba zai sha wuyar fahimtarsa ba. Tun da Turawan Afirka ta Kudu suka kafa dokar filaye ta 1913, wadda ta taƙaita baƙar fata ga kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu, al'ummar Mandela ta san ɗacin ƙwace; saboda haka da labari ya je musu na Falasɗinawa fiye da 700,000 da aka raba da gidajensu da gonakin zaitun a 1948, ba su nemi mai yi musu sharhi ba. Shi kuwa Mandela, bayan shekara 27 a kurkuku, da mulki ya zo hannunsa, lokacin da maslahar siyasa take iya sa mutum ya kame bakinsa, sai ya bayyana a Pretoria a 1997 cewa 'yancin ƙasarsa bai cika ba muddin Falasɗinawa ba su sami nasu ba, sannan ya taka har Gaza a 1999. Wannan amana ce magadansa suka ɗauka zuwa Kotun Duniya a watan Disamba na 2023.

Mu ma muna da rabo a tarihin, gama Nijeriya ta amince da daular Falasɗinu a 1988, kuma malaman jihadi, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, sun cika littattafansu da hani ga sarakuna game da cin dukiyar talaka.

To, wanda ya yi alƙunutu domin mutanen Gaza, Allah Ya karɓa masa, wajibi ne ya tuna da maƙwabcinsa da 'yan bindiga suka kora daga ƙauye, da marayan da aka danne wa gado, domin adalci ba ya rabuwa gida biyu. Idan muka sami alƙali ko mai unguwa ko malami a ƙasar Tambuwal da Kebbe wanda ya tsaya wa mai rauni alhali tsayuwar tana jawo masa hasara, haƙƙi ne a kanmu mu yaba masa a bainar jama'a tun yana da rai, domin yaranmu su san irin mutumin da ake girmamawa.