Dusar Ƙanƙara da 'Yan'uwanta

Masu fassara sun saba kiran lokacin sanyi na Turai da Amurka ta Arewa da sunan hunturu, alhali hunturunmu busasshe ne, ba ya kawo komai sai ƙura da hazo. Nasu kuwa da zubowa yake zuwa, kuma abin da ke zubowar iri uku ne, mu ko kalma ɗaya muke yi musu kuɗin goro da ita, watau ƙanƙara.

Asalinsu duka guda ne. A can cikin gajimare tururin ruwa yakan daskare kai tsaye, ya zama ƙwayoyi masu kusurwa shida, su manne da juna su faɗo. Abin da ya bambanta su shi ne iskar da suka ratsa a hanya. Idan sanyinta bai haura digiri sifiri ba tun daga sama har ƙasa, sai su sauka da laushinsu. Wannan ita ce dusar ƙanƙara, kuma wanda ya raɗa sunan ya iya kallo.

To, wani lokaci iska mai ɗumi takan shiga tsakani, ta narkar da dusar ta koma ruwa. In akwai iska mai sanyi mai kauri a ƙarƙashinta, sai ɗigon ya sake daskarewa, ya faɗo yana tsalle a kan rufi. A ganina tsakin ƙanƙara ya dace da wannan, tun da dusa da tsaki daga turmi ɗaya suke fitowa.

In kuwa iskar sanyin ba ta da kauri, ɗigon ba ya samun sukunin daskarewa sai ya taɓa wani abu, nan take ya lulluɓe shi kamar gilashi. Wannan ne mugun cikinsu. A watan Janairu na 1998 ya kwana biyar yana sauka a gabashin Kanada, nauyinsa ya karya itatuwa da turakun lantarki, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu da sanyi. Mai fassarar da ya ce "an yi ruwan ƙanƙara" bai gaya wa mai sauraro abin da ya faru ba.

Ƙanƙarar da manominmu ya sani daban take. Ita cikin hadari mai tsawa take ƙulluwa, inda iska mai ƙarfi ke riƙe ta a sama tana tara ruwa tana girma, har ta yi nauyi ta faɗo ta yayyage ganyen dawa. 'Yar damina ce, ba ta da haɗi da lokacin sanyi.