Kuɗin Taimako Domin Kiyaye Haɗarin Mota: Ina Ya Kamata Su Nufa?

Duk wanda ya daɗe cikin aikin makaranta ko na ofis ya san abin da akan yi in Gwamnati ta saki kuɗin taimako domin kiyaye haɗari a kan hanya. Sai a buga takardu masu hotuna a manna a bango, a ɗinka wa 'yan makaranta riguna, a tara direbobi a tasha a yi musu lacca, sa'an nan a watse. Mu malamai mu muka fi kowa murna da wannan, gama koyarwa ita ce sana'armu, har mukan ɗauka babu cutar da allo da alli ba su magani. To, yau za mu faɗi abin da ba zai yi wa kunnenmu daɗi ba. Kuɗin koyarwa, muddin ba a haɗa su da na bincike ba, yawancinsu ɗibar ruwa ne da kwando.

Bari mu soma da lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke rasa ransu kowace shekara a kan hanyoyin duniya, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. A nan Nijeriya muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabantarta. A shekarar 2016 takardun ƙasar nan sun nuna mutum 5,000 da 'yan kai suka mutu, amma Hukumar Lafiya ta ƙiyasta kusan 40,000. Ba lalle wani ya yi ƙarya ba. Mota ta buge mutum da hantsi a ƙauyen bakin titi, kafin la'asar an yi masa sutura, ba wanda ya rubuta. Wani kuma sai bayan kwana goma ya cika a asibiti, sunansa ba zai shiga littafin haɗari ba. Ƙasar da ba ta san yawan waɗanda ta rasa ba, ina za ta san ko laccar da ta biya ta yi amfani?

A Amurka an gwada abin sosai. Wajen ƙarshen shekarun 1970 Gwamnatinsu ta ba da kuɗi aka yi gwaji a gundumar DeKalb ta Jihar Jojiya, da 'yan sakandare kimanin 16,000. Aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya aka ba su cikakken horo na tuƙi, kashi ɗaya ɗan taƙaitacce, na uku ba a koya musu kome a makaranta ba. Da aka bi sawunsu shekaru aka ƙidaya, sai aka tarar bambancin haɗari a tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Abin da horon ya yi shi ne ya sa samari suka karɓi lasisi da wuri, suka hau titi tun suna ɗanyu. Da ba a ware kuɗin ƙidaya ba, da har yau ana yabon shirin.

Kada wani ya ce mun zubar da mutuncin sana'armu. Bincike ɗin nan shi ya nuna irin koyarwar da ke kama jiki. A unguwar Drumchapel ta birnin Gilasgo, farkon shekarun 1990, masana na Jami'ar Strathclyde suka fitar da yara masu shekara 5 zuwa 7 daga aji, suka kai su bakin titi bibbiyu ko uku-uku, iyaye 'yan sa kai suna riƙe da hannunsu. A can ake tambayar yaro inda zai tsallaka da dalilinsa, a nuna masa yadda motar da ke tsaye take ɓoye wadda ke tafe. An jarraba yaran kafin horo da bayansa, an gwada su da waɗanda ba a horar ba, aka ga sun fi iya zaɓen wurin tsallakawa. Sai bayan an ga haka Gwamnatin Birtaniya ta ba da kuɗi aka yaɗa shirin, mai suna Kerbcraft. Gani ya kori ji.

Mu kuwa fa? Mun taɓa zuwa duba wani ɗalibinmu na kwalejin horon malamai yana gwajin koyarwa, muka tarar yara suna rera ka'idar tsallaka titi kamar karatun allo, suna cewa a fara duban dama. Daga wani tsohon littafin Ingila ya kwafo. Alhali tun ran 2 ga Afrilu 1972 motocin Nijeriya suka koma bin hannun dama, watau motar da ta fi kusa da mai tsallakawa daga hagunsa take fitowa. Ba mu ga laifin yaron ba kamar yadda muka ga namu. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi kuma, masu waƙar nan suka kwasa a guje suka ƙetare titi, ba wanda ya dubi dama balle hagu.

Wani lokaci ma bincike yakan ce a bar lacca a gyara hanya. A Gana, a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi, an jera ƙananan kunyoyi a gicciye bisa kwalta, irin waɗanda ke tilasta wa direba rage gudu. Aka ƙidaya tsakanin 2000 da 2001, haɗurra sun ragu da kashi 35 cikin 100, mace-mace da kashi 55. Aikin bai kai dala 21,000 ba. Abin da ya sa aka san wurin, aka kuma san an ci nasara, shi ne akwai littafin da aka riƙa cikawa tun kafin a taɓa hanyar.

Nan ne aiki ya faɗo kan malaman ofis na ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu. Duk mai neman kuɗin taimako irin wannan, muna ba shi shawara ya ware wani kaso tun cikin takardar roƙo domin littafi da mai cika shi. A rubuta ranar haɗari da sa'a, da ainihin wurin, da irin abin hawa, mota ce ko babur ko a-daidaita-sahu, da shekarun wanda ya ji rauni, da ko a ƙasa yake tafiya. A roƙi masu unguwanni da dagatai su riƙa kawo labarin waɗanda aka binne ba a kai su asibiti ba. Bayan wata ɗaya a koma asibiti a tambayi yadda masu rauni suka ƙare. A soma cika littafin shekara guda kafin a buga takarda ko ɗaya ta bango, a ci gaba da shi shekara biyu bayan kuɗin sun ƙare.