Gaskiya ko Jita-jita: Nawa Tsohuwar Tafi-da-Gidanka Ke Ci Kafin Ta Ƙetare Teku?

Wani abokina da ke zaune a Bremen ta ƙasar Jamus ya turo mini hoto da daddare: wata doguwar tirela mai jikin alminiyom, tana ajiye a bayan wani gida a jihar Jojiya ta Amurka, ciyawa ta kai rabin tayoyinta. Tirelar da nake nufi ɗaki ce mai taya, da gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda ƙaramar mota ke ja, don haka zan kira ta tafi-da-gidanka. Wannan ta kamfanin Airstream ce, ƙirar shekarun 1970. Burinsa ya kawo ta Jamus, ya mayar da ita shagon tsire da shayi a wuraren bukukuwa, kamar yadda Turawa da yawa ke yi da irinta. Ya ce da ni, "Malam, araha ce. A cusa ta a kwantena kawai, wata ɗaya ta iso."

Na shafe makonni ina bin wannan magana da sauran waɗanda aka gaya masa, domin kuɗin da ya tara da guminsa ne zai zuba.

Maganar kwantena ita ce ta fi yawo, kuma a kan yawancin waɗannan tireloli jita-jita ce. Faɗin ƙofar kwantena mita 2.34 ne, ko mai ƙafa 20 ce ko mai ƙafa 40. Airstream ɗin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa gaba kuwa faɗinta ya kusa ƙafa 8, wato mita 2.44. Santimita 10 ne tsakani, faɗin tafin hannu, amma ƙarfe ba ya jin magiya. Tsayi ma haka: ƙofar doguwar kwantena ba ta wuce mita 2.58 ba, tirelar kuwa da na'urar sanyaya ɗaki a kanta tana kusan mita 3. Ƙananan ƙira masu siririn jiki, irin Bambi da ta fito a 1961, su ne akan iya cusawa, bayan an kwance abin da ke kan rufi, wani lokaci har da tayoyi.

Saura hanya biyu. Ko a ɗora ta a kan kwantena marar bango da rufi, a ɗaure ta da sarƙa, a biya kuɗin gurbin maƙwabtanta da ta tsone wa ido, ta kuma sha iskar gishiri idan aka ajiye ta a saman jirgi. Ko kuma a sa ta a jirgin roro, mai katafariyar ƙofa a baya, wanda ake tuƙa motoci a shiga da su a fito da su. Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya ci moriyar irin wannan jirgi ko bai sani ba, domin su ne ke sauke motocin hannu a Kwatano da Lome da Tin Can ta Legas. Daga Amurka suna tashi daga tashoshi irin su Baltimo da Brunswick da Jacksonville da Galveston, su sauka a Bremerhaven ko Zeebrugge ko Southampton. A cikin jirgin, tirela tana ƙarƙashin rufi, ruwan teku ba ya taɓa ta. Wannan ce hanyar da na ba abokina shawara.

Daga nan sai ya kawo magana ta biyu, wadda ita ce ta fi ruɗar mutane: tunda alminiyom ce, ba ta da nauyi, ai dakonta ba zai wuce na mota ba. Rabin farko gaskiya ne. Tsohuwar Airstream mai ƙafa 25 nauyinta bai yi nisa da tan 2 ba. Sai dai mai jirgi ba ya sayar da ƙarfin ɗauka kaɗai, wuri yake sayarwa. Yakan kwatanta nauyi da girma, tan ɗaya a kan kubik mita ɗaya, ya caje ka da wanda ya fi yawa. Mu yi lissafin tare. Tsawo mita 7.6, faɗi 2.44, tsayi 2.9: kubik mita 54 ke nan, in an cike. Toyota Camry kuwa kubik mita 13 ce. Ashe tirelar ta cinye gurbin Camry huɗu, alhali nauyinta bai kai na biyu ba.

Yadda ake awon ma abin lura ne. Ma'aikacin tasha yakan ɗora tef daga bakin ƙugiyar gaba har ƙarshen bamban baya, daga ƙasa har abin da ya fi kowa tsawo a kan rufi, kamar dai akwati ce mai kusurwa huɗu. Lanƙwasar jikin da ta sa ake sonta ba ta rage ko sisi. Na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗago santimita 30 a kan rufi, a lissafin jirgi ta ƙara santimita 30 ɗin a kan ilahirin tsawo da faɗin tirelar, kusan kubik mita 5 da rabi. Kuma na'urar nan wutar Amurka take sha, bolt 120, ba za ta yi aiki da bolt 230 na Turai ba. Wanda ya bar ta a kai ya biya dakon kashi ɗaya cikin goma na kayansa don abin da zai jefar. A kwance ta tun a can, a toshe ramin da kyau saboda ruwan sama a filin tasha. Haka eriya, haka rumfar gefe idan ta ƙara faɗi. Idan kuma awon da mai sayarwa ya faɗa ta waya ya saɓa da na tasha, na tasha ne ke aiki.

Wasu kan ce a cika cikinta da kaya, tunda an riga an biya kuɗin gurbin. A jirgin roro ba a yarda ba, sai abin da ke kafe a jikinta. Tukwanen gas dole a cire su, ko a wanke su a kawo shaida, batir kuma a katse shi. Wannan tsanani yana da dalili. A watan Yunin 2020 jirgin Höegh Xiamen ya kama da wuta a tashar Jacksonville ɗauke da motocin hannu 2,420, kuma hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa wutar ta taso ne daga batirin wata tsohuwar mota da ba a katse shi yadda ya kamata ba.

Wannan ya kai mu ga inshora, inda na fi jin tsoro a madadin abokina. Ya ɗauka cewa idan jirgi ya lalata kaya, kamfanin jirgi ne zai biya. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne ƙwarai. Dokar dakon kaya ta teku da Amurka ta kafa a 1936 ta taƙaita abin da mai jirgi zai biya a dala 500 kan kowane ƙunshi, ko kan kowane ma'aunin da aka yanke kuɗin dako da shi, sai fa in an bayyana darajar kayan tun farko an biya ƙari. Jiragen nan kuwa suna gamuwa da ƙaddara. Golden Ray ya kife a bakin Brunswick a Satumbar 2019 da motoci sama da 4,000 a cikinsa. Felicity Ace ya ƙone kusa da tsibiran Azores a Fabrairun 2022, ya nutse ranar 1 ga Maris. Akwai ma wata tsohuwar ƙa'idar teku da ta fi wannan ba mutane mamaki: idan aka kashe kuɗi ko aka sadaukar da wani kaya don ceton jirgi, duk masu kaya a cikinsa za su yi karo-karo gwargwadon darajar kayansu, ko da naka bai samu ƙwarzane ba. An yi amfani da ita a kan Ever Given, jirgin da ya toshe mashigin Suwez a Maris na 2021. Mai inshora, kamfaninsa ke tsaya masa. Marar inshora, sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a sakar masa kayansa.

A karanta takardar inshorar ma da idon basira, domin a kan tsofaffin kaya sau da yawa asarar gaba ɗaya kawai take rufewa, ban da lotsawa da ƙarcewa. Jikin Airstream kuwa fallayen alminiyom ne da aka haɗa da ɗaruruwan ƙananan ƙusoshi. Idan kusurwa ta lotsa, ba aikin ɗan bugu da guduma ba ne; sai an huda ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya an canja fallen. Shi ya sa hotunan kowane gefe, da kwanan wata, a ranar da aka miƙa ta a tasha, suke da daraja.

Cewa tsufa zai hana ta jure tafiya, wannan ban yarda da shi kai tsaye ba. Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream a farkon shekarun 1930, ya ɗebi tireloli 41 a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Kudu a 1959, ayarin ya taso daga Cape Town ya ratsa nahiyar har Alƙahira a farkon 1960. Jikin yana da ƙarko. Abin da ke mutuwa yana ƙasa, inda hoto ba ya nunawa: shasin baƙin ƙarfe ne mai tsatsa, daɓen katako ne mai ruɓewa, robar da ke cikin aksul kuma tana bushewa bayan shekaru. Tasha ba ta karɓar abin da ba ya jawuwa a farashin abin da ke jawuwa. Tirelar da ta shekara goma a ciyawa tana bukatar sababbin tayoyi da gyaran ƙafa kafin ta motsa, ko a ɗauko ta a bayan babbar mota, kuma Amurka ƙasa ce mai faɗi. Direban da zai shiga tasha ma sai da katin izini na musamman, in ba shi da shi a biya ɗan rakiya. Saye daga hoto kawai cinikin biri a sama ne; a biya wani masani ya je ya taka daɓen da ƙafarsa, musamman bakin ƙofa da bayan banɗaki.

To, mu ƙaddara ta iso Bremerhaven. A kan wannan mataki aka gaya masa cewa duk abin da ya haura shekara 30 kayan tarihi ne, babu haraji. Gaskiyar ita ce, Tarayyar Turai tana da rukunin kayan tarihi da ba a karɓar kuɗin fito a kansu, harajin saye kuma a Jamus yakan sauko daga kashi 19 zuwa kashi 7 cikin ɗari. Amma sharaɗin shekara 30 an rubuta shi ne don motoci masu inji, waɗanda ke nan yadda aka ƙera su ba tare da babban sauyi ba. Tirela ba ta shiga kai tsaye, sai kwastan sun gamsu, balle wadda aka fasa gefenta aka yi tagar sayar da abinci. Idan ba su gamsu ba, kuɗin fiton da aka daɗe ana karɓa a kan irin wannan tirela kashi 2.7 ne, wanda ba shi da yawa. Harajin sayen ne mai ciwo, domin ana ɗora shi a kan kuɗin kaya da dako da inshora da kuɗin fiton gaba ɗaya. Mu ƙaddara an saye ta dala 15,000, dako da inshora sun ci 5,000. Kuɗin fito 540 ke nan, kashi 19 na jimillar kuma ya haura 3,900. Ban da kuɗin saukewa a tasha, da ladan wakilin da zai fitar da ita, da kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kullum idan takarda ɗaya ta makara.

Ko an fito da ita daga tasha, tsugune ba ta ƙare ba, kuma wannan ne ɓangaren da masu sayarwa ba sa ambata. Ƙwallon ƙugiyar Amurka inci 2 ne ko inci 2 da 5/16, na Turai milimita 50. Birkin Amurka na lantarki ne da ake sarrafawa daga cikin mota. Na Turai yana kamawa ne da kansa idan tirela ta turo motar daga baya. Amurkawa kan bar kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiya, wato kilo 200 zuwa 300 a tirela mai tan 2, alhali ƙugiyar yawancin motocin Turai kilo 75 zuwa 100 take ɗauka. Sau da yawa sai an canja aksul da dukan ƙarfen gaba, a sa sigina mai ruwan ɗorawa da fitilar hazo, a sake wayoyin wuta da bututun gas, kafin masu duba lafiyar ababen hawa irin su TÜV su sa hannu. A Birtaniya, motar da ba ta wuce kilo 3,500 ba an hana ta jan tirelar da jikinta ya haura mita 7, kuma ƙofar Airstream tana dama, wato ɓangaren da motoci ke wucewa a can.

Ga mai son kai ta wata ƙasa kuwa, Ostareliya ta fi kowa tsanani. Sai an sami izinin shigowa kafin a ɗora ta a jirgi. Ƙasar ta haramta asbestos baki ɗaya tun ƙarshen 2003, tsofaffin tireloli kuma kan ɗauke shi a tayil ɗin daɓe da fatar birki. Ƙasa ko ciyawa ko ƙwaro a ƙarƙashin shasi na jawo wanki a kuɗin mai kaya, kuma abin da ya taso daga Amurka tsakanin Satumba da Afrilu sai an turara shi saboda wani ƙwaro mai wari da ke ɓarna a gonaki.

Abokina ya roƙi mai tirelar ya ɗora tef ya ɗauki hoto. Ta fito ƙafa 31, kubik mita kusan 67, kuma da mutumin ya ɗaga ledar daɓe a bayan banɗaki, katakon ya yi baƙi, sukudireba ta shige shi ba tare da an danna ba. Ya haƙura da ita. Yanzu yana neman mai ƙafa 22, ya aika wa wakilai uku awo iri ɗaya don su ba shi farashi har bakin ƙofar tashar Bremerhaven, ya kuma rubuta wa kwastan yana neman hukuncinsu a rubuce kan rukunin da za su sa ta.