Hitar mota ta daina ba da ɗumi? Ku duba ruwan inji kafin ku kamo hanyar gida

Zuwa ga 'yan uwa na Sabo Ibadan, Agege, Shagamu, Lokpanta da sauran zangunanmu na kudu. Daga Hashimi a Suleja nake rubuto muku, kuma hunturu ya kankama a nan. Da yawanku za ku zo gida tsakanin Disamba da Janairu, wasu ta Lokoja, wasu ta Jebba da Mokwa da Bida. A irin wannan tafiya ta asuba ne mutum ke murɗa hita ya ji iska mai sanyi kawai, gilashin gaba kuma ya yi hazo har ba a ganin titi sosai. Yawanci sai a sa rigar sanyi a ci gaba. To, akwai lokacin da wannan sanyin alama ce cewa inji na neman ƙonewa.

Hita ba ta da wuta tata. Ruwan da ke zagaya inji yana ɗaukar zafi har wajen digiri 90. Wani ɓangare na ruwan yana bi ta tiyo biyu ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, shi ne ɗumin da kake ji. Ke nan in ɗumi bai zo ba, ko dai fanka ce, ko ruwan zafi bai isa wurin ba, ko ƙofar da ke karkatar da iska ta maƙale.

Fara da mai sauƙi. In babu iska kwata-kwata, duba fiyus. In fanka na aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, ƙaramin abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone, aikin mai gyaran waya ne.

In iska na zuwa amma da sanyi, bari inji ya huce sarai sannan ka buɗe murfin lagireto. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ruwan zai iya feso maka a fuska. In ruwa ya yi ƙasa, hita ce ke fara rasa rabonta. Cika shi, amma ka tambayi kanka ina wancan ya tafi, don ruwa ba ya ɓacewa haka kawai.

Sai ka lura da allurar zafi. In ka yi tafiya mai nisa tana kwance a ƙasa, wataƙila babu tamostat a motar. Wannan ya zama ruwan dare a motocin da suka daɗe a Legas: makanike zai cire shi ya ce wai na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu. Alhali aikinsa shi ne riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In babu shi, inji na jimawa bai ɗau zafi ba, yana ƙara shan mai, hita kuma ba ta ɗumi. A mayar da shi.

Bayan haka, buɗe bonet inji na da zafi, ka taɓa tiyo biyun nan da suka shige ta bangon bayan inji, a hankali, ka nisanci fanka da bel. In duka suna da zafi, matsalar na ciki, ƙofar iska ce ko wayarta. In ɗaya zafi ɗaya sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe da tsatsa, abin da zuba ruwan rijiya ko fiya wata zalla ke jawowa. Ana iya wanke shi. Wani lokaci kuma za ka tarar an haɗe tiyo biyun da juna, an tsallake hitar gaba ɗaya saboda tana yoyo. Masu sayen tokumbo ko motar hannu, ku riƙa duba wannan kafin ku biya kuɗi.

Alamar da ba a wasa da ita ita ce: hita sanyi, allura kuma tana hawa sama. Wannan na nufin ruwa ya ƙare ko famfon ruwa ya daina turawa. Ka tsaya inda akwai jama'a, ka kashe inji. Direbobin da ke ɗaukar wa mahaifina shanu zuwa kudu ba sa tashi sai sun duba ruwa da baƙin mai, don sun san abin da ake asara in gasket ya ƙone a daji da dabbobi a baya. Farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gasket ya riga ya tafi.

Wani amfanin kuma: in inji ya fara zafi a cunkoso kuma akwai ruwa a ciki, kashe AC ka kunna hita har ƙarshe ka sauke gilasai, tana janye wani zafin har ka samu wurin tsayawa.

Don haka ko kana Fatakwal inda ba ka taɓa buƙatarta ba, kunna ta na minti 10 kwana biyu kafin tafiya. In ta ba da ɗumi, alhamdu lillahi. In ba ta bayar ba, gara ka gano dalili a garejin unguwarku da ka gano shi tsakanin Mokwa da Bida ƙarfe 4 na asuba. Allah Ya kawo ku lafiya.