Sabo Turken Wawa: Yadda Ganganci Ke Zama Al'ada a Ma'aikata

Da safiyar 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger ya tashi daga jihar Florida ta Amurka ɗauke da mutum bakwai, ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Daƙiƙa 73 da tashinsa ya tarwatse, jama'a suna kallo. Ba wanda ya tsira.

Musabbabin haɗarin wani zoben roba ne da ke toshe mahaɗar roka. Sanyin safiyar ya sandarar da shi, wuta ta samu kafar fita. Abin takaicin, ba ranar aka fara sanin matsalar ba. Tun 1981 injiniyoyi ke ganin alamar ƙuna a jikin zoben bayan kumbo ya dawo. Kowane karo sai a ce ai an je lafiya an dawo lafiya. Daren jajiberin tashin, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokar, sun ce a dakata saboda sanyi, manajoji suka ce a tashi.

Masaniyar halayyar jama'a Diane Vaughan ta kwashe shekaru tana bin takardun hukumar NASA mai kumbon, ta fitar da littafinta a 1996. Mugaye ko mahaukata ba ta samu ba. Ta tarar da ƙwararru waɗanda sannu a hankali suka saba da ɓaraka har ta daina ba su tsoro. In an karya doka sau ɗaya ba abin da ya faru, gobe ma za a karya, jibi kuwa ta zama yadda ake yi. An manta cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 2003 kumbon Columbia ma ya ci mutum bakwai, sanadin ɓallewar soson da ke lulluɓe tankin mai, wanda shi ma an daɗe da sabawa da shi.

Shi ya sa masana halayyar ɗan Adam ba sa dogara da gargaɗi da horo kaɗai. Ma'aikacin da ya san in ya faɗi kuskurensa kora ce, ɓoyewa zai yi. Tun 1976 matuƙan jiragen sama a Amurka ke da hanyar kai rahoton kuskure a asirce, a sakaya sunansu, a ɗauki darasin.

Asibitoci ma sun ɗauki hannu. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, daga babban likita har nas. Hikimar ita ce wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya, ba zai ji nauyin cewa "Likita, dakata" ba in ya ga ba daidai ba. A asibitoci takwas da aka gwada, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen masu tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

Saboda haka shugaban da ke jin daɗi don ba wanda ya kawo masa ƙorafi, ya binciki shirun nan. Ya tambayi ƙaramin ma'aikacinsa wace doka ce ake tsallakewa kullum ba tare da an ga komai ba, kuma in an faɗa masa, ya yi godiya a gaban kowa.